Gurbin Ɗan Sanda: Na Wane Ne?



Duk lokacin da gwamnati ta yi shelar za a ɗebi sababbin 'yan sanda, akwai wata tambaya da takan zagaya gidajenmu, daga Gusau zuwa Kwatarkwashi har Tsafe, ko da yake ba safai ake ɗaga murya da ita a bakin coci ba. Miji yakan yi wa matarsa ita da dare, uwa takan kai ta wurin katikis, wani lokaci kuma ba ta isowa wurin Fada sai bayan an riga an sayar da awaki. Tambayar ita ce: ɗana ya gama sakandare shekara huɗu ke nan yana zaune, ga wani ya ce in an kawo kaza sunansa zai fito, in na biya, na yi zunubi? Masu wannan tambaya ba mugaye ba ne. Yawancinsu mutane ne da ba sa fashin Mas ran Lahadi, waɗanda tsoro ya kama domin suna ganin inda zaman banza ke kai samari a ƙasar nan. Saboda haka bai kamata a sallame su da tsawa ba, bai kuma kamata a rufe musu baki da cewa Allah ya san zuciya ba. Tambaya ce da ta isa a zauna a auna ta.

Bari mu fara da abin da doka ta shimfiɗa, gama da yawa cikin waɗanda ake damfara ba su san shi ba. Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora nauyin ɗaukar 'yan sanda a kan Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da ikon naɗa kowa a rundunar ban da Sufeto Janar. A ɗibar da aka yi a shekarun nan, sharuɗɗan zama kurtu ba su cika canzawa ba. Mai nema ya kasance ɗan Nijeriya mai shekara 18 zuwa 25, yana da kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare, har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Tsayin namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace mita 1.64, ƙirjin namiji kuma ya kai santimita 86. Ana cike takarda ta intanet da lambar katin ɗan ƙasa, sa'an nan a kira mutum a jiharsa a duba jikinsa da takardunsa, ya zauna jarrabawar kwamfuta, likita ya gwada shi, in ya haye a tura shi makarantar horo. Cikin sanarwar kuwa akwai magana guda da ake ta maimaitawa, wato neman aikin kyauta ne, ba a biyan ko kwabo. Don haka wanda ya ce maka ka kawo kuɗi, ko dai ɗan damfara ne wanda ba shi da kome a hannu, ko kuwa yana da abin a hannu amma ba nasa ba ne. Na farkon zai ci kuɗinka ya ɓace, ka yi kuka ka haƙura. Na biyun shi ne ya sa nake wannan rubutu, domin shi yakan cika alkawari.

Abin da ke ba wannan kasuwa rai shi ne ƙarancin gurbi. A shekarar 2016, da aka nemi mutum 10,000, waɗanda suka cike takarda sun haura 900,000. Ƙasar nan tana da ƙananan hukumomi 774, an kuma saba raba guraben a tsakaninsu. In ka kasa 10,000 gida 774, abin da zai faɗo wa kowace bai wuce mutum 13 ba. Ku dubi Ƙaramar Hukumar Bungudu, wadda Kwatarkwashi ke cikinta, da dukan ƙauyukanta da samarinta, a ce kujera 13 ke nan. Ko da Shugaba Tinubu ya ba da umurni a Nuwamban 2025 a kai ɗibar 50,000, a bisa wannan lissafi rabon ƙaramar hukuma guda bai wuce 65 ba.

Kokawar kuma ba a ƙasa kaɗai take ba. A 2019 gardama ta tashi tsakanin Hukumar da ofishin Sufeto Janar a kan wanda ke da ikon ɗibar kurata 10,000. Babbar Kotun Tarayya ta ba Sufeto Janar gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta juya hukuncin a Satumban 2020, sai a Yulin 2023 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, ta ce ikon na Hukumar ne. Shekara huɗu ana shari'a, a tsakiyarsu kuwa aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a Fabrairun 2021. A Yunin 2024 kuma, da Hukumar ta fitar da sunaye 10,000, rundunar ta fito fili ta ƙi su, tana zargin cewa a ciki akwai waɗanda suka faɗi jarrabawa da waɗanda ma ba su nemi aikin ba. Hukumar ta musanta, daga baya aka sasanta. Ba aikina ba ne in raba gardamarsu. Amma talaka yana da rediyo, ya kuma ji, abin da ya ɗauka daga ciki shi ne cewa gurbin ɗan sanda ganima ce, mai dogon hannu shi ke ɗiba. Daga nan sai ya ce a ransa, don me ni kaɗai zan zama waliyyi?

To, kafin mu ce an yi zunubi ko ba a yi ba, sai mu tambaya: wannan gurbi da ake saye da sayarwa, na wane ne? Waliyyi Toma Akwinas, ɗan ƙungiyar Dominikan, wato ƙungiyar da limamanta suka zo Gusau a shekarun 1950 suka ɗauki nauyin aikin bishara a wannan yanki, ya yi dogon bayani a kan zunubin da Littafi Mai Tsarki ke kira tara, wanda mu mukan ce duban fuska. Koyarwarsa a taƙaice ita ce, akwai bambanci tsakanin mai rabon kayansa da mai rabon kayan jama'a. In na yanka rago na ba wanda na ga dama, ban cuci kowa ba, gama ragona ne. Amma wanda aka ɗora a kan abin jama'a wakili ne kawai, wajibi ne ya duba dalilin da ya sa mutum ya dace da abin. In an naɗa mutum malami domin yana da ilimi, an dubi dalili. In an naɗa shi domin shi ɗan wane ne, ko domin yana da kuɗi, an dubi fuska, an kuwa keta adalci ko da ba wanda ya kai ƙara.

A bisa wannan ma'auni, gurbin ɗan sanda ba na jami'in da ke riƙe da jerin sunaye ba ne, ba na ɗan majalisa ba ne, ba ma na yaron da ke nema ba ne. Na matar da ke ɗauko kayan miya zuwa kasuwar Kwatarkwashi ne. Na manomin da ke son ya je gonarsa a bayan dutse ya dawo da ransa ne, da direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa yana addu'a tun daga tasha. Waɗannan su ne masu abin, su ne kuma ba a shawarta ba ranar da aka yi cinikin. Mu iyaye mun saba kallon aikin ɗan sanda a matsayin albashi da fansho, wato hanyar cin abinci. Lalle hanyar cin abinci ce, ba laifi a cikin wannan. Amma tare da albashin ana miƙa wa yaro bindiga, da ikon tsayar da mutum a hanya, da ikon kulle shi a caji ofis ya kwana. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Romawa sura 13, ya ɗauki mai riƙe da irin wannan iko a matsayin ma'aikacin Allah domin amfanin mutane. Abin da aka bayar domin hidima kuwa, Ikilisiya ta san abin da ke faruwa in ya shiga kasuwa. A Ayyukan Manzanni sura 8, Saminu masihirci ya miƙa wa Bitrus kuɗi domin ya sayi ikon da manzanni ke da shi, Bitrus ya tsawata masa da zafi. Duk da haka sayen muƙami ya dami Ikilisiya a cikin gidanta shekaru ɗaruruwa, har aka raɗa wa laifin suna daga sunan wannan mutum. Saboda haka ba daga kan tudu muke wa'azi ba. Mun ɗanɗana cutar, mun san yadda take cin jiki.

Yanzu bari mu bi kuɗin mu ga inda suke zuwa. Uba ya sayar da shanu biyu ko ya jinginar da gona, ko kuwa an ci bashi a wurin ɗan'uwa. Yaro ya shiga, ya gama horo, an ba shi kaki. Kowa a gidan ya san nawa aka kashe, shi ma ya sani, ko da ba wanda ya furta. Albashin kurtu kuwa ba zai biya wannan bashi ya kuma ciyar da shi ba. To, daga ina za su fito? Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Gusau zuwa Tsafe ya san amsar, gama ya ga direba yana naɗe takardar kuɗi a tafin hannu tun kafin a iso shinge. Direban ba daga aljihunsa yake biya ba. Ya riga ya ɗora a kan kuɗin mota, mai buhun masara ta ɗora a kan mudu, mu kuma mu saya a kasuwa muna zagin 'yan sanda. Kuɗin da muka bayar a ɓoye a ofis, mu ne muke sake biyansu a fili a kan titi, kowace rana, har yaron ya yi ritaya.

Da abin ya tsaya a kan kuɗin mota, da sai mu ce da sauƙi. Amma hannun da ya saba karɓa ba ya tambayar abin da ke cikin buhu. Kowa ya sani cewa 'yan bindigar da ke cikin dajin nan ba sa haƙo man fetur a can, ba sa ƙera harsashi a can, ba sa noman duk abin da suke ci. Ta hanya kayan ke bi, hanya kuwa tana da shingaye. Waliyyi Agustin ya ba da labarin wani ɗan fashin teku da aka kamo aka kawo gaban sarki Iskandari Mai Girma; da sarki ya tuhume shi, sai ya amsa cewa aikinsu ɗaya, girman jirgi ne kawai ya bambanta su. Agustin ya kawo labarin ne domin ya nuna cewa adalci shi ne abin da ke raba hukuma da gungun 'yan fashi. A wannan hanya tamu, inda matafiyi ke hango mutane da bindiga daga nesa gabansa ya faɗi kafin ya gane ko su wane ne, maganar ba ta bukatar dogon fassara. Ina faɗin wannan ina sane da cewa akwai 'yan sanda masu yawa, Musulmi da Kirista, waɗanda suka rasa rayukansu a jihar nan suna tsaron mutanen da ba su san sunansu ba. Su ma ana cutarsu duk ranar da aka tura musu abokin aiki wanda ya shigo da bashi a wuya, domin shi ne zai tsaya a bayansu ranar da wuta ta tashi.

A Bishara ta hannun Luka sura 3, sojoji sun zo wurin Yohanna Mai Baftisma suna tambayar abin da za su yi. Abin lura shi ne bai ce su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙage, ya kuma umurce su su dogara ga albashinsu. Ikilisiya ba ta taɓa raina wannan aiki ba, muna kuma son 'ya'yanmu su shiga shi. Amma uban da ya sayi gurbi ya riga ya ɗaure ɗansa yadda umurnin Yohanna zai yi masa wuyar bi tun daga ranar farko. Tun ran gini ran zane.

Wani zai ce shi bai ba da kuɗi ba, alfarma ce kawai, wani babba ne ya sa sunan yaron. Wannan ya fi kyan gani, amma bashin yana nan, sai dai ba da naira za a biya shi ba. Tarihin aikin ya koya mana haka. Dogaran sarakuna na sarki ne, shi ya zaɓe su, shi suke yi wa. Turawa da suka kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makami a Ikko a shekarun 1860, da gangan suka ɗebo baƙi domin su tsare mutanen da ba danginsu ba, gama biyayya ga Bature suke nema. An haɗa rundunonin Arewa da na Kudu a 1930 aka sami 'Yan Sandan Nijeriya, amma 'yan dokan En'e suka ci gaba a Arewa, tsofaffinmu kuma suna tuna yadda aka yi amfani da su a kan 'yan adawa a zamanin siyasar farko. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka narkar da su cikin rundunar tarayya a ƙarshen shekarun 1960. A kowane zamani, wanda ya sa ka a aiki shi ne kake jin muryarsa. Yaron da babba ya saka, ranar da babban ya bugo waya ya ce a saki wane, ko a kama wane, da wane baki zai ƙi? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai hujjar da ta fi waɗannan ƙarfi, ita ce kuma ta fi ba ni aiki. Uba yakan ce: Fada, ɗana ya cancanta. Yana da kiredit ɗinsa, tsayinsa ya kai, ya ci jarrabawa. Ba ina sayen abin da bai dace da shi ba ne, ina hana a ƙwace masa ne. Malaman Ikilisiya sun san wannan matsala tun da daɗewa, Waliyyi Toma kuma ya raba ta biyu. Mutumin da haƙƙi ya riga ya tabbata a hannunsa, sa'an nan azzalumi ya tare masa hanya, in ya ba da wani abu domin ya kuɓutar da nasa, nauyin zaluncin yana kan wanda ya tare shi. Amma wanda haƙƙin bai tabbata a hannunsa ba tukuna, in ya biya domin a share masa hanya, saye ya yi. To, a wane gefe ɗanka yake? In sunansa ya riga ya fito a jerin ƙarshe, wani ma'aikaci kuma ya riƙe takardarsa sai an ba shi na goro, an zalunce ka, ba zan kuwa ɗora maka laifin da ke kansa ba, ko da yake kai ƙara ya fi. Amma in ana cikin tantancewa ne, abin da ɗanka yake da haƙƙinsa shi ne a auna shi da gaskiya, ba wai lalle a ɗauke shi ba. Waɗanda suka cancanta sun fi kujerun yawa nesa ba kusa ba. In kujera 13 ce, ɗanka kuma shi ne na 20 a cin jarrabawa, kuɗinka bai ƙara kujera ta 14 ba. Ya tayar da wani ne daga tasa. Wannan yaron yana da suna, yana da uwa, mai yiwuwa ma maraya ne wanda ba shi da akuyar sayarwa. Ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba, shi ya sa abin ba ya yi maka kama da sata.

Na san abin da wasu ke cewa a ransu yanzu: Fada yana magana kamar bai san inda muke zaune ba. Na sani. Akwai 'ya'yanmu da aka haifa a Gusau, suka yi makaranta a nan, ba su san wani gida ba, amma domin iyayensu sun fito daga kudancin Kaduna ko Filato ko Binuwai ko ƙasar Ibo, ba za a ba su takardar shaidar asali a nan ba, a can kuma da ƙyar a gane su. Akwai kuma Hausawa Kirista, waɗanda kakanninsu suka noma ƙasar nan, da sukan yi kukan cewa da an ga Bulus ko Markus a takarda sai a fara tambayar ko su 'yan ƙasa ne. Wannan kuka ba na wasa ba ne, sashe na 42 na Tsarin Mulki kuma ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Amma ku duba abin da cin hanci ke yi wa wannan kuka: yana binne shi. Wanda aka hana haƙƙinsa ya biya a ɓoye, ba a rubuta ko'ina cewa an hana shi ba, mai hanawa kuma ya gane cewa wannan ƙofa tana kawo kuɗi, baɗi sai ya ƙara farashi ga ƙanen yaron. Hanyar da ta fi wuya ita ce ke da amfani, wato a rubuta ranar da abin ya faru da ofishin da ya faru, a kawo wa kwamitin adalci da zaman lafiya na Dayosis, a tara su su yi yawa, yadda shugabanninmu za su tsaya gaban hukuma da hujja a hannu maimakon jita-jita. Wanda kuma ya sayi takardar asalin Bungudu alhali shi ba ɗan can ba ne, ya sani cewa yaron da ya ture ɗan Kwatarkwashi ne ko na wani ƙauye kusa, talaka kamarsa, galibi Musulmi. Umurnin ƙaunar maƙwabci bai tsallake shi ba.

Sai maganar takardu, wadda ta shafe mu kai tsaye a ofishin faris. Iyakar shekara 25 takan kama samari da yawa, musamman waɗanda suka makara a karatu domin rashin kuɗi ko gudun hijira. Sai a je a yi rantsuwar shekaru a rage uku ko huɗu, sa'an nan a tuna cewa katin baftisma zai tona asiri, sai a zo ana roƙon a sake rubuta shi. Akan kawo roƙon da ladabi ƙwarai, har da durƙuso, akan ce taimako ne kawai, ba wanda zai cutu. Ina roƙonku ku daina sa katikis da sakataren faris a wannan matsi. Littafin baftisma shaida ce ta ranar da aka karɓi mutum cikin jikin Kristi. Dalilin da ya sa hukumomi ke girmama katin da ya fito daga coci shi ne an ɗauka ba ma ƙarya a cikinsa. Ranar da aka gane muna gyara shi, katin kowane ɗan faris ya zama takardar tsire. Ku kuma yi tunanin yaron. Aikinsa zai zama ɗaukar bayanin shaidu da tsayawa a kotu da rantsuwa, ga shi mu da kanmu mun koya masa cewa rantsuwa abin lanƙwasawa ce in bukata ta taso. In dokar shekarun ta yi tsauri ga yaran da rikici ya katse wa karatu, ni ma ina ganin akwai abin dubawa a nan, to, a nemi a gyara dokar.

Akwai wata takarda kuma da ba mu cika ɗauka da nauyi ba, ita ce ta masu tsaya wa mutum. Ana bukatar manyan mutane, kamar basarake ko shugaban makaranta ko babban ma'aikacin gwamnati, su sa hannu cewa sun san halin mai nema. A ganina wannan ita ce takarda mafi muhimmanci a cikin duka. Abin awo yana auna tsayi da ƙirji, kwamfuta tana auna Lissafi, likita yana auna jini. Amma da Annabi Sama'ila ya je gidan Yesse, tsayin Eliyab ya burge shi har ya ɗauka shi ne zaɓaɓɓe, Ubangiji kuwa ya nuna masa cewa ba nan ake dubawa ba. Da Yetro ya shawarci Musa a Littafin Fitowa sura 18 a kan waɗanda zai ɗora bisa jama'a, bayan iyawa ya ambaci tsoron Allah da riƙon amana da ƙin cin hanci. Ba na'urar da ke gane waɗannan. Waɗanda suka ga tasowar yaro su ne kaɗai suka san ko yana da saurin hannu, ko yana shaye-shaye, ko yakan ji daɗin cin zalin na ƙasa da shi. A cikinmu akwai shugabannin makarantu da manyan ma'aikata da ake kawo wa wannan takarda. Sa hannu a kan yaron da ba ka sani ba shaidar zur ce, sa hannu a kan wanda ka san mugun halinsa kuwa ya fi muni. Nakan ji iyaye suna cewa, yaron nan ya gagare mu, a kai shi aikin ɗan sanda ko ya shiryu. Wato wanda ya fi ƙarfin uwarsa da ubansa, shi za a ba bindiga a tura wa mutanen Tsafe. Wannan ma'auni ya shafi har Askarawan da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a Janairun 2024 da kowace ƙungiyar sa-kai, gama duk inda za a miƙa makami, a nan tambayar hali take.

Saura waɗanda suka riga suka biya, wasu ma suna cikin kaki yanzu suna karanta wannan. Ba a rufe muku ƙofa ba. A kawo abin cikin sakramentin tuba da sunansa, ba a lulluɓe ba. Koyarwar Ikilisiya ita ce wanda ya ci haƙƙin wani ya mayar gwargwadon ikonsa, kamar yadda Zakka mai karɓar haraji na Yariko ya yi. Yaron da aka ture ba za a same shi ba, amma jama'ar da gurbin yake nasu suna nan, su ne ke wucewa ta gabanka kowace safiya. Mayarwar ita ce kada ka karɓi kuɗinsu a shinge, kada ka sayar musu da beli, wanda doka ta ce kyauta ne, in kuma wata rana ka kai matsayin da jerin sunaye zai bi ta hannunka, ka bar shi yadda jarrabawa ta fitar da shi. Iyaye kuma su yafe bashin da baki, su gaya wa yaron a fili cewa ba sa jiran shanun su dawo, domin muddin ba a faɗa ba yana ɗauke da shi.

Ba zan yi muku alkawarin cewa wanda ya ƙi biya sunansa zai fito ba. Wasu za su bi gaskiya su rasa, su kuma ga wanda ya fi su rauni a jarrabawa yana wucewa da kaki. Irin wannan yaro bai kamata faris ta bar shi shi kaɗai ba, tun da mu ne muka ce masa ya tsaya. Da yawa cikin samarin ƙauyukanmu ba a kan hali ko ƙarfi suke faɗuwa ba, a kan kwamfuta ne, domin ranar jarrabawa ce ranar da suka fara taɓa ta. Malaman makaranta da ke cikinmu za su iya ba da yamma biyu a mako su koya musu, ƙungiyar matasa ta tattara sunayen masu niyya tun kafin a buɗe neman, tsofaffin 'yan sandan da ke zaune a kujerunmu kuma su gaya musu gaskiyar aikin, da daɗinsa da haɗarinsa. Zumuntar Mata ta taimaka da kuɗin mota zuwa wurin tantancewa, wanda shi kansa yakan gagari wasu gidaje. Wanda yake bukatar katin baftisma kuma ya zo ofishin faris da wuri, kada ya bari sai ana gobe tafiya. Za a buɗe littafin a gabansa, a kwafe masa ranar da ke ciki.